Tauraron Kabarin Saja Stewart da Gemun Abdul Malik

A watan Satumba na 2005 aka harbo wani jirgi mai saukar ungulu na sojan Amurka a Afganistan, mutum biyar ɗin da ke ciki duk suka mutu. Ɗaya daga cikinsu shi ne Saja Patrick Stewart, mutumin jihar Nebada. A maƙabartar sojoji da ke garin Fernley na jihar akwai wani bango da ake manna wa allunan tunawa da mamata, kowane allo da sunan mai shi da alamar addininsa. Gurbin Stewart ya fi shekara guda fayau. Matarsa Roberta ta ce ba ta karɓar allon da babu alamar addinin mijinta, ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji kuma ta ce ba ta san wannan alama ba. Alamar tauraro ne mai tsini biyar a cikin da'ira, tambarin mabiya addinin Wika.

A lokacin ma'aikatar tana da alamomi 38 da ta amince da su. Akwai gicciye iri-iri, akwai tauraron Yahudawa, akwai jinjirin wata da tauraro na Musulmi, har waɗanda ba su yarda akwai Allah ba an ba su tasu. Mabiya Wika kuwa sun kai kusan shekara goma suna kai takarda ana ce musu ana dubawa. Sai da aka shiga kotu, sannan a watan Afrilu na 2007 ma'aikatar ta sauko, aka yi sulhu, tauraron ya shiga jeri.

Ni Musulmi ne, kuma ban ga komai na gaskiya a addinin da Stewart ya mutu a kai ba. Duk da haka ina ganin matarsa ce ke da gaskiya a wannan rigima, ma'aikatar ce ta yi zalunci. Ina kuma ganin 'yan uwanmu da ke zaune a Amurka da Ingila, masu tuƙin tasi da malaman asibiti da ɗalibai, su ne ya fi kamata su gane dalili, domin igiyar da ta ɗaure wannan kaya ita ce ta ɗaure nasu.

Amma kafin nan akwai kalmar da take tare hanya. Duk sanda labarin waɗannan mutane ya shigo Hausa, sai ka ji an ce "mayun Amurka" ko "ƙungiyar mayu ta Ingila", daga nan magana ta ƙare, kowa ya yi a'uziyya ya wuce. Wanda ya fassara haka ba ƙarya ya yi da gangan ba, don su ma da yawansu suna kiran kansu "witch", kalmar Turancin da ƙamus ke cewa maye ko mayya. To amma maye a wurinmu wani abu ne daban. Mutum ne da ake cewa yana da ƙanƙarar maita a cikinsa, ko ya gada ko ya saya, yana kama kurwar mutane yana ci. Ba wanda ke buga ƙirji a kasuwa ya ce shi maye ne. Jifan mutum ake yi da sunan. Ina yaro akwai wata tsohuwa mai sayar da daddawa a unguwarmu, idan za mu wuce ƙofar gidanta sai mu riƙa cewa ƙasa-ƙasa, "kurwata kur, ki ci kanki ki sha baƙin ruwa." Ba ta taɓa yi wa ɗayanmu komai ba. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ɗan maƙwabta yana sambatu da sunanta, aka je aka fito da ita aka ce sai ta tsallaka shi. Ta tsallaka tana kuka. Har yau idan na tuna, nauyin abin yana kaina, don ina cikin yaran da suka bi ta da ihu.

Wika ba wannan ba ce. Idan dole sai an nema mata 'yar uwa a cikin abin da muka sani, ta fi kusa da tsafin gargajiya ko bori, ko da yake nan ma kamar da kaɗan ce. Wani abin dariya shi ne, da harafin Turawa ana rubuta sunan da "c" biyu, Wicca, su kuma suna furta shi da "k". Bahaushen da ya karanta shi da ƙa'idar rubutunmu, ya ce "wicca" kamar yadda zai ce "acca", shi ne ya dace da furucin tsohon Ingilishi na shekara dubu da ta wuce, inda kalmar ke nufin namiji mai sihiri.

Tsufan kalmar ne ke ruɗin mutane, su ɗauka addinin ma tsoho ne. Jam'iyyar NEPU, da aka kafa a Kano a 1950, ta riga shi fitowa fili. Wanda ya fito da shi wani Bature ne, Gerald Gardner, da aka haifa a 1884, ya yi aikin gonakin shayi da roba a gabashin duniya, daga baya ya zama ma'aikacin kwastan na gwamnatin mulkin mallaka a Malaya, wato Malesiya ta yau. Da ya yi ritaya ya koma gida, sai ya ce wai a 1939 wasu mutane a yankin New Forest da ke kudancin Ingila sun shigar da shi wata ƙungiyar asiri, ragowar addinin Turawa na kafin zuwan Kiristanci. Bai iya faɗin haka da ƙarfi ba sai bayan 1951, shekarar da majalisar Birtaniya ta soke dokar maita ta 1735. Dokar ba ta mutu tun da daɗewa ba kamar yadda za a zata, don a 1944 ma an ɗaure wata mata, Helen Duncan, wata tara a ƙarƙashinta. A 1954 Gardner ya buga littafin da ya sanar da duniya addinin.

Labarin tsufan ya samo shi ne daga wata masaniyar tarihin Masar, Margaret Murray, wadda a 1921 ta rubuta cewa mutanen da aka riƙa kashewa a Turai da sunan maita mabiya wani ɓoyayyen addini ne. Masana tarihi sun bi hujjojinta sun tarar ba su tsaya ba. Ronald Hutton na jami'ar Bristol, wanda bincikensa na 1999 shi ne aka fi komawa gare shi, ya nuna yadda aka harhaɗa abin: wani yanki daga tsarin ƙungiyoyin asiri irin su Firimesin, wani daga rubuce-rubucen matsafin nan Aleister Crowley, wani daga waƙoƙin Turawa masu begen daji da karkara. Wata almajirar Gardner, Doreen Valiente, ita ta sake rubuta yawancin addu'o'in da hannunta. Da yawan mabiyan yau sun karɓi wannan, ba sa musu. Wasu kam har yanzu suna riƙe da tatsuniyar, suna cewa mata miliyan 9 aka ƙona, alhali ƙiyasin masana bai wuce mutum 40,000 zuwa 60,000 ba a cikin kusan shekara 300, kuma mafi yawansu Kiristoci ne talakawa da maƙwabta suka yi wa ƙazafi.

Me suke yi? Galibinsu suna girmama abin bauta biyu, mace da suke dangantawa da wata da ƙasa da haihuwa, da namiji mai ƙaho na daji da farauta. Ƙahon nan ne ya sa Kiristoci da yawa suka ce ai Shaiɗan ne, su kuma suka ce Shaiɗan ba ya cikin aƙidarsu ko kaɗan. Suna da bukukuwa takwas a shekara masu bin sauyin yanayin Turai: daren 31 ga Oktoba na tunawa da matattu, 1 ga Mayu na shigowar ɗumi, daren da ya fi kowane tsawo a Disamba, da sauransu. Kalanda ce da aka ɗinka wa ƙasar ƙanƙara, ba ta san damina da kaka da bazara ba. Mabiyansu na Ostireliya ma sai sun juya ta da wata shida take yi musu daidai. Suna taruwa idan wata ya cika, a zana da'ira a ƙasa, a kunna kyandir da turare, a kira kusurwoyi huɗu. Tsinin tauraron nan biyar na nufin ƙasa da iska da wuta da ruwa da ruhi. A al'adarsu ƙungiya ba ta wuce mutum 13, kuma mace ce kan gaba. 'Yan gidan Gardner tsirara suke ibadarsu, wasu gidajen kuma da dogayen riguna. Suna da wuƙa ta musamman, amma nuni ake yi da ita, ba a yanka da ita, ba sa zubar da jinin dabba. Babbar ƙa'idarsu a taƙaice take: muddin ba za ka cuci kowa ba, yi abin da ka ga dama. Da yawansu kuma sun yarda duk abin da ka aika, alheri ko sharri, zai dawo maka ninki uku. Yau mafi yawansu ba su da ƙungiya ma, kowa a ɗakinsa yake yi, daga littafi ko intanet.

Sihirin kuwa suna yin sa, ba sa ɓoyewa. Da kyandir, da ganyaye, da ƙulla zare ana faɗin buƙata. Duk wanda ya yi makarantar allo ya kai Falaƙi ya san abin da aka ce game da masu tofi a cikin ƙulle-ƙulle, ya kuma san sihiri na cikin manyan zunubai bakwai masu halakarwa. A wurina hukuncin abin a addini ba ya da duhu, shirka ce, kuma da ɗana zai zo mini da shi da ban yi barci ba. Ba na cikin masu cewa duk addinai hanya ɗaya ce.

Sai dai ba wannan aka tambayi ma'aikatar tsofaffin sojoji ba. Ba a ce ta yi fatawa ba. Gwamnatin da ta karɓi mutum aikin soja tana sane da addininsa, ta tura shi yaƙi, ta dawo da gawarsa, ba ta da bakin cewa sai a kan dutsen kabari ne za ta fara tantance wane addini ne na ƙwarai. Kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta riga ta yanke tun 1986, a ƙarar wani fursuna a jihar Bajiniya mai suna Herbert Dettmer, cewa Wika addini ne a idon doka. Abin lura a hukuncin shi ne, kotun ba ta ba shi kayan ibadar da ya nema ba. Ta ce addininka addini ne, amma tsaron gidan yari ya hana a miƙa maka kyandir da turare da sauran tarkace. Wannan shi ne ma'aunin da nake ganin daidai ne: hukuma ta duba abin da zai cuci mutane, ta bar abin da ke cikin zuciya.

Ba kowa ya yarda ba. A 1999 labari ya fito cewa a barikin Fort Hood da ke Teksas an ba sojoji 'yan Wika wurin taruwa. Wani ɗan majalisar tarayya daga Jojiya, Bob Barr, ya tayar da ƙura ya nemi a hana. George W. Bush, yana gwamnan Teksas a lokacin, ya faɗa a talabijin cewa shi bai ɗauki wannan abu addini ba, yana fata sojoji su sake tunani. Na san da yawanmu da mun ji shi a lokacin da mun gyaɗa kai. To, a riƙe wannan kalma ta "ba addini ba ne", don za ta dawo.

A 2010 Musulmin garin Murfreesboro a jihar Tenesi suka tashi gina masallaci. Aka cinna wa motocin aikin ginin wuta. Masu adawa suka kai ƙara, lauyansu ya tsaya gaban alƙali yana cewa Musulunci ba addini ba ne, tsarin siyasa ne, saboda haka kariyar da tsarin mulki ya ba addinai ba ta hau kansa ba. Mataimakin gwamnan jihar na lokacin ma ya yi irin wannan shaguɓe a wajen yaƙin neman zaɓe. Sai da ma'aikatar shari'a ta tarayya ta rubuta wa kotu takarda tana tabbatar da cewa Musulunci addini ne. Addinin mutum fiye da biliyan ɗaya, mai shekara 1,400, sai da aka rubuta masa takardar shaida! Masallacin bai buɗe ba sai a watan Agusta na 2012. Wuƙar da aka wasa don 'yan Wika ita aka ɗauko, ko kaifinta ba a sake ba.

Akwai inda zaren ya fi fitowa sarai. A shekarar 2000 Amurka ta yi wata doka mai kare ibadar fursunoni da kuma gina wuraren ibada. Jihar Ohayo ta ce dokar ta saɓa wa tsarin mulki. Fursunonin da suka ja da jihar har Kotun Ƙoli ba mutanen da za ka so zama da su ba ne: akwai ɗan Wika, akwai mai bautar Shaiɗan, akwai masu aƙidar fifita farar fata. A 2005 alƙalai tara suka haɗu baki ɗaya suka ce dokar tana nan daram. Bayan wasu shekaru wani fursuna Musulmi a jihar Arkansas, Gregory Holt, wanda ake kira Abdul Malik Muhammad, ya nemi a bar shi ya ajiye gemu na rabin inci, gidan yari ya hana. Da hannunsa ya rubuta ƙorafinsa zuwa Kotun Ƙoli. A Janairun 2015 ya yi nasara, nan ma ba alƙalin da ya saɓa, kuma da waccan doka ya yi ta. Da an kayar da ita a 2005 don ana ƙyamar masu ƙarar, da Abdul Malik bai sami abin riƙewa ba. Idan gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A nan ma wanda gemunsa ya fara kamawa ba ɗan uwa ba ne, amma wutar ɗaya ce.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce ina daidaita gaskiya da ɓata. Ba ni na daidaita su ba, kuma a zuciyata ba daidai suke ba. Abin da nake cewa shi ne, a ƙasar da Musulmi ba su fi kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari ba, idan aka ba jami'in gwamnati ikon ware addinin gaske da na bogi, ba malaminmu ne zai zauna a kujerar ba. Wanda zai zauna, da ma'aunin cocinsu zai auna. An gani a gundumar Chesterfield ta Bajiniya, inda aka hana wata 'yar Wika buɗe zaman majalisar gunduma da addu'a, aka rubuta mata cewa addu'ar ta masu bin al'adar Yahudu da Nasara ce. Ta kai ƙara ta faɗi a 2005. Sunan Musulunci ba ya cikin wannan ƙa'ida. In an bar limami ya shiga, alfarma aka yi masa, alfarma kuwa ranar da aka ga dama ake janye ta.

A rayuwar yau da kullum karɓuwar tasu rabi da rabi ce. Yawansu ya ƙaru: wani binciken addinai a Amurka ya ƙiyasta su 8,000 a 1990, ya ba da 134,000 a 2001, sannan 342,000 a 2008. A ƙidayar Ingila da Wales ta 2021 kusan mutum 13,000 suka rubuta Wika. Amma da yawa ba sa faɗa a wurin aiki, suna tura sarƙar tauraron cikin riga, musamman malaman makaranta da masu rigimar riƙon 'ya'ya. A jihar Indiyana wani alƙali, yana raba auren wasu ma'aurata da dukansu 'yan Wika ne, ya sa sharaɗin kada su nuna wa ɗansu addinin da ba na gama-gari ba, alhali ba wanda ya roƙe shi. Kotun sama ta soke sharaɗin a 2005. Duk matar da ta taɓa cire hijabi don zuwa ganawar neman aiki a Turai ta san wannan tsoro, ko ba ta son a haɗa ta da su.

Inda nake da ƙorafi a kansu, ban da na aƙida, shi ne sunan nan da suka ɗauka. A garin Salem na Amurka, inda aka rataye mutum 19 a 1692 bisa zargin maita, yau kantuna ne jere ana sayar da duwatsu masu ƙyalli da katin duba da huluna masu tsini, 'yan yawon buɗe ido suna ɗaukar hoto. Budurwa a Landan za ta rubuta a Instagram cewa ita mayya ce, ta sami mabiya, gobe in ta gaji ta goge. Sunan riga ne a wurinta. A Afirka ta Kudu, inda dokar hana maita ta 1957 ta sa har kiran kai da sunan ya zama laifi, wata ƙungiyarsu ta nemi a sake duba dokar a 2007, masu maganin gargajiya na ƙasar kuwa suka ce su dai kada a raɓa musu wannan suna, don sun san abin da yake jawowa a ƙauye. Don adalci, ƙungiyar ta riƙa yin gangami a kan farautar waɗanda ake zargi. Amma yawancin masu ado da sunan a Turai ba su taɓa jin Gambaga ba, garin da ke arewacin Gana inda mata da aka kora daga garuruwansu ke zaman gudun hijira shekara da shekaru.

Aikin da na ce na hukuma ne a Nebada, wato ta kare mutum ta bar binciken zuciyarsa, shi ne dai aikinta a nan Afirka, sai dai a nan rai ake magana, ba allon tagulla ba. A watan Yuli na 2020, a ƙauyen Kafaba na ƙasar Gana, kusa da Salaga, garin da kakanninmu fatake suka riƙa zuwa sayen goro, wata mai duba ta nuna wata tsohuwa 'yar shekara 90, Akua Denteh, ta ce mayya ce. Aka yi ta dukanta da rana tsaka har ta mutu, mutane sun yi da'ira suna kallo, wani yana ɗauka da waya. A 2023 kotu a Tamale ta ɗaure mata biyu shekara 12 kowacce. A watan Yulin shekarar majalisar Gana ta zartar da ƙudurin da ya mai da jifan mutum da maita laifi. Shugaba Akufo-Addo ya ce akwai matsalar tsarin mulki a yadda aka gabatar da shi, kuma har ya sauka daga mulki a Janairun 2025 bai sa masa hannu ba.